Duniyar Kimiyya: Fadar Babbar Kwamfuta da Jakadunta

Cikin wasiƙun da suka iso mana a makon jiya akwai ta wani dattijo mazaunin nan Suleja, tsohon akawun albashi, wanda ya daɗe da ajiye aiki. Ya ce ya je cirar kuɗin fanshonsa wurin wani mai na'urar POS kusa da kasuwar IBB, aka zare kuɗin daga asusunsa, amma takardar da na'urar ta fitar ta ce ba a biya ba. Yaron ya ce masa laifin netwok ne. Da ya je banki aka ce masa laifin kwamfuta ne, ya dawo bayan kwana uku. Malam ya ce shi dai a zamaninsu ɗaki guda ake ware wa kwamfuta, ana ciyar da ita da kati mai huji, ga ta da nawa, amma bai taɓa ganin albashin mutum ya maƙale tsakanin sama da ƙasa ba. Jikansa kuwa ya gaya masa kwamfutar yanzu ta fi waccan sauri ninkin ba ninkin. Shi ne yake tambaya, to, ina amfanin saurin, kuma a ina abin ke maƙalewa?

Allah ya gafarta Malam, tambayarka ta faɗo daidai kan gaɓar da mutane suka fi mantawa da ita. In ana hirar kwamfuta, ƙwaƙwalwarta ake yabo, watau sashen da ke lissafi. Amma lissafi shi ne mafi sauƙin aikinta. Wahalar tana wurin shigar da bayani da fitar da shi, kuma a nan ne irin manyan kwamfutocin da ka sani, waɗanda Turawa ke kira menfirem, suka yi wa sauran zarra. Don haka bari mu koma can mu ga yadda aka tsara ƙofofinsu, sa'an nan mu dawo kan kuɗinka.

Tushen matsalar bambancin sauri ne. Na'urar karanta kati ta kamfanin IBM mai lamba 2540 tana karanta kati 1,000 a minti guda. Ga ido wannan gudu ne, har ba a iya bin katin da kallo. Amma in aka raba, kowane kati yana cin kashi 60 cikin 1,000 na sakan ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ke iya cika umurni miliyan ɗaya a sakan, kamar yadda manyan injuna na wancan zamani ke yi, da ta cika umurni 60,000 kafin kati guda ya wuce. In aka ce ta tsaya ta jira kowane kati, ta zama kamar an ɗauko babban alƙali an sa shi gadin ƙofar kotu. Ga shi kuwa a lokacin hayar injin ake biya wata-wata, da kuɗi masu nauyi, saboda haka duk sakan da ƙwaƙwalwa ta yi a zaune asara ce.

Maganin da masana suka samo, mu mutanen Suleja ba baƙonmu ba ne. Tun da Abu Ja ya kafa wannan gari a 1828, bayan fitowar Sarkin Zazzau Makau daga Zariya, har zuwa zamanin Sarki Sulaimanu Barau wanda garin ke amsa sunansa yanzu, ba a taɓa jin sarki ya tashi da kansa ya tafi ƙauye karɓar haraji ko kai sammaci ba. Jakada yake kira ya ba shi saƙo, jakada ya tafi wurin hakimi, hakimi ya san dagacin da zai nema. Shi sarki ya ci gaba da sauraron shari'ar da ke gabansa, sai jakada ya dawo ya yi sallama ya faɗi yadda aka yi. Haka aka yi wa babbar kwamfuta. An ƙera mata wata ƙaramar ƙwaƙwalwa dabam wadda ba ta san komai ba sai ɗauko bayani da kai shi, Turawa suka sa mata suna canel, mu kuwa a wannan fili jakada za mu kira ta. Kamfanin IBM ya fito da ita a injinsa mai lamba 709 a ƙarshen shekarun 1950, amma inda tsarin ya zauna da gindinsa shi ne a jerin injunan System/360, waɗanda aka yi shelarsu ranar 7 ga Afrilu, 1964.

A ƙarƙashin jakada akwai wani akwati da ke matsayin hakimi. Shi ne ya san halin kowace na'ura: yadda ake tayar da tef, yadda ake matsar da hannun faifai, yadda ake tura takarda a na'urar bugawa. Jakada ba ruwansa da wannan. Harshe guda yake yi da dukan hakimai, ta cikin wasu igiyoyi biyu masu kauri kamar damtsen yaro, ɗaya ta bayani, ɗaya ta ishara, waɗanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓen ɗakin. Shi ya sa daɓen ɗakin kwamfuta yake a ɗage, in ka taka ka ji kamar rami a ƙasa. Jakada ɗaya yana iya ɗaukar hakimai har 8, a jere bisa igiya guda, kowane hakimi kuma da na'urorinsa. Amfanin wannan tsari shi ne, in an ƙera sabuwar na'ura, sabon hakimi kawai za a yi mata, ba a taɓa jakada ba, balle sarki.

To, yaya ake ba jakada saƙo? A nan ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri, domin a nan daɗin abin yake. Babbar manhajar da ke tafiyar da injin takan rubuta saƙon a cikin ma'ajin ciki, watau wurin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai a wannan lokaci. Kowane layi na saƙon gurbin harafi 8 ne ba ƙari. Gurbin farko yana faɗin aikin da za a yi, ko karatu, ko rubutu, ko juya tef baya. Uku na biye suna faɗin inda za a zuba bayanin a ma'aji, ko inda za a ɗebo shi. Na biyar yana ɗauke da 'yan alamomi, wanda mafi muhimmancinsu ke cewa in ka gama wannan kada ka dawo, akwai wani layin a gaba. Na shida ba a amfani da shi. Biyun ƙarshe su ne adadin haruffan da za a ɗauka. Da an gama rubuta saƙon sai a ajiye adireshinsa a wani gida na musamman a ma'aji, gida mai lamba 72, sa'an nan ƙwaƙwalwa ta ba da umurni guda tak, mai ma'anar fara aiki da na'ura kaza. Shi ke nan ta juya ga wani aikin. Jakada ya leƙa gida na 72, ya ɗauki saƙonsa, ya bi shi layi-layi. Sa'ad da yake zuba bayani a ma'aji yakan ɗan tsoma hannu tsakanin shigar ƙwaƙwalwa da fitarta, ƙiftawar ido, ba ta ma cika sanin an yi ba.

In ya gama sai ya yi sallama. Wannan sallama wata ishara ce da ke sa ƙwaƙwalwa ta dakatar da abin da take yi, ta adana inda ta tsaya, ta duba rahoton jakada, wanda ake ajiyewa a gida mai lamba 64. Rahoton yana faɗin layin da aka tsaya, da haruffa nawa suka rage ba a ɗauka ba, da ko an sami tangarɗa. Abin lura a nan, wanda za mu komo kansa, shi ne rahoton ya bambanta abu biyu. Akwai alamar da ke cewa jakada ya gama miƙa saƙo, akwai kuma wata dabam da ke cewa ita na'urar ta gama aikinta. Alal misali, jakada yana iya miƙa wa na'urar bugawa layi guda ya tafi abinsa, alhali guduma ba ta riga ta bugi takarda ba. Miƙa saƙo daban, cika aiki daban, kuma injin ba ya yarda a haɗa su.

Jakadun ma iri-iri ne. Akwai wanda ya yi kama da mai shayi a bakin tasha: ga mutum goma a benci, ya zuba wa wannan, ya fasa wa wancan ƙwai, ya yanka wa na can burodi, ba wanda ya tsare shi shi kaɗai. Irin wannan ake haɗa wa na'urori masu nawa, kamar mai karanta kati da mai bugawa, yana karɓar harafi ɗaya daga wannan, ɗaya daga waccan. Akwai kuma mai kama da injin niƙa, wanda in an zuba hatsin mutum ba a zuba na wani sai nasa ya fita duka. Shi ake ba tef da faifai, domin in suka fara zubo bayani ba sa jira. Daga baya, wajen 1970, aka fito da na uku wanda ya haɗa halin biyun, kuma faifai ne ya jawo haka.

Ga yadda abin yake. Bayanin da ke kan faifai a da'ira-da'ira yake, kuma kowane guntun bayani yana da lambar shaida a gabansa. In ana neman bayanin ma'aikaci guda, saƙon jakada layi huɗu ne. Na farko ya ce a kai hannun karatu da'ira kaza. Na biyu ya ce a gwada lambar da ke wucewa ƙarƙashin hannun da wadda muke nema. Na uku ya ce a koma layi na biyu. Na huɗu ya ce a karanta. Muddin lambar ba ta dace ba, jakada yana ta zagaye tsakanin layi na biyu da na uku. Da ta dace sai hakimi ya ɗaga wata alama, jakada ya tsallake na uku ya faɗa na huɗu. Duk wannan nema ƙwaƙwalwa ba ta sa hannu ba. Aibinsa ɗaya: faifan IBM 3330 yana juyawa sau 3,600 a minti, watau zagaye guda yana cin kusan kashi 17 cikin 1,000 na sakan, kuma tsohon jakada a tsare yake duk tsawon jiran. Sabon jakadan sai aka koya masa ya gaya wa hakimi, in wurin ya kusa zagayowa ka kira ni, ya tafi ya yi wa wani faifan aiki. Ƙaramar dabara ce, amma ta sa jakada guda yana yi wa faifai da yawa hidima a lokaci ɗaya.

Tef kuwa yana da nasa darasin, wanda duk ɗan kasuwa zai gane. Nadi guda tsawonsa ƙafa 2,400 ne, watau inci 28,800, kuma a irin wanda aka fi yayi ana rubuta harafi 1,600 a kowane inci. Sai dai tef ba ya tsayawa cak, ba ya kuma tashi da gudu nan take, don haka dole a bar fili na kashi 6 cikin 10 na inci tsakanin rubutu da rubutu. Bayanin kati guda, harafi 80, kashi 5 cikin 100 na inci kawai yake ci. Ka ga filin banza ya ninka bayanin sau 12. In aka rubuta su ɗaya-ɗaya, nadin zai ɗauki bayanin kati wajen 44,000. In kuwa aka ɗaure su hamsin-hamsin kafin a rubuta, nadin nan dai zai ɗauki fiye da 460,000, kuma sallamar jakada ta ragu sau 50. Wanda ya ɗauki hayar babbar mota daga Suleja zuwa Kano ya ɗora mata buhun doya ɗaya, shi ya san abin da ya yi wa kansa. Akwai kuma wani zoben roba da ake sa wa nadin a baya. In babu zoben, na'ura ba za ta yarda ta yi rubutu a kai ba, sai karatu. Tef ɗin albashi da an gama shi sai a cire zoben, kuma na sha ganin ma'aikata sun tara zobban a hannu kamar warwaro.

Mu nan Arewa, inda da yawa daga cikinmu suka fara ganin irin wannan inji shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Kudu, tun 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan. A Zariya kuwa cibiyar kwamfuta, wadda daga baya aka sa mata sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, ta yi aiki da wani inji mai suna Cyber 72 na kamfanin Control Data. Wannan inji jikan CDC 6600 ne, wanda Seymour Cray ya tsara aka fito da shi a 1964, kuma shi nasa tsarin fadar ya ma fi na IBM tsanani. Babbar ƙwaƙwalwarsa ba ta da umurnin shigarwa ko fitarwa ko guda. Ba ta san akwai kati a duniya ba. A tsarinsa na asali ƙananan ƙwaƙwale 10 ne ke kewaye da ita, kowace da ɗan ma'ajinta mai gurbi 4,096, suna aiki ta hanyoyi 12 zuwa na'urori. Abin mamaki, su goman nan sashen aiki ɗaya suke rabawa, suna karɓa-karɓa da sauri har kowace ta ga kamar nata ne ita kaɗai. Ta farkonsu ita ce mai lura da dukan injin, ita ke cewa babbar ƙwaƙwalwa ta ajiye wannan aiki ta ɗauki wancan. Wata daga cikinsu kuma ita ke kula da allon da ma'aikaci ke kallo. Watau a wannan fada, fadawa ke juya sarki. Masu karatun tarihi sun san ba a kan kwamfuta aka fara haka ba.

Ni kaina ina ɗalibi na yi layi a gaban na'urar huda kati. Katin yana da ginshiƙi 80 da jeri 12, tsarin da IBM ta fitar a 1928, ko da yake asalin dabarar ta Herman Hollerith ce, wanda aka yi ƙidayar Amurka ta 1890 da katinsa. Kowane layi na shirinmu na Fortran kati ɗaya ne. Tsakanin shirin da alƙaluman da zai yi aiki a kansu sai mu sa wani kati da aka huda 7 da 8 da 9 a ginshiƙinsa na farko, a ƙarshen duka kuma mai 6, 7, 8, 9, don injin ya san nan aikin wane ya ƙare. Ka ɗaure da roba ka miƙa ta taga, ka dawo daga baya ka duba ko takardarka ta fito. Ginshiƙai 8 na ƙarshe, daga 73 zuwa 80, an bar su don a sa lambar jeri, amma ƙuruciya ta sa muna ganin ɓata lokaci ne. Ran nan ina bisa keke robar ta tsinke, kati fiye da 300 suka watse a titi. Kwana biyu na yi ina jera su. Tun daga ranar ban sake miƙa kati ba sai na ja layi a karkace da alƙalami a bisa kan ɗaurin, yadda in ɗaya ya bar wurinsa ido zai gani.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, katin nan ba ya zuwa wurin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Ana karanta na kowa a zuba a faifai, su yi layi a can. In aikinka ya zo, daga faifai za a ɗauko, amsar ma a faifai za a zuba, sai na'urar bugawa ta sami sarari ta buga. Kafin a gano wannan, a wurare da yawa ƙaramin inji ne dabam, kamar IBM 1401 na 1959, ke kwafe kati zuwa tef, ma'aikaci ya ɗauki nadin da hannu ya kai wa babban. Na'urar bugawa ta IBM 1403 kuwa, mai layi mai faɗin harafi 132, tana buga layi 600 a minti, wata irinta har 1,100. Sarƙa ce mai ɗauke da haruffa ke gudu a gaban takarda, guduma 132 suna jira a baya, kowace ta buga a daidai lokacin da harafinta ya iso. Ƙararta kamar ruwan sama a kan kwano.

Ina ganin abin da ya sa albashi bai cika maƙalewa a zamanin Malam ba yana nan wurin ƙofar shiga. A ofisoshin da suka san aikinsu, ba a kai kati ɗakin kwamfuta sai mutum biyu sun buga shi. Ta farko ta huda, ta biyu ta sa katin a wata na'urar tantancewa ta sake buga bayanin daga takardar asali. In yatsunta suka saɓa da hujin, na'urar ta tsaya. In sun dace, a yi wa katin ɗan tsaga a gefen dama. Bugu da ƙari, akawu yakan tara jimlar kuɗin da hannu ya aika tare da katin, in jimlar injin ba ta zo daidai da tasa ba a mayar da aikin duka. Yau fa? Yaro ɗaya ne a gaban allo, ga layin mutane har waje, ya buga sunanka yadda kunnensa ya ji. Tun da aka fara rajistar BVN a 2014, mutum nawa muka sani da suka yi ta safa da marwa saboda sunan da ke banki ya saɓa da na katin ɗan ƙasa da harafi guda? Wani ɓangaren laifin ma gado ne. Na'urar huda kati haruffa 64 kawai ta sani, duka manya, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ɗanladi ya zama DANLADI tun a wancan lokaci, kuma har yanzu fom da yawa ba su san an wuce nan ba.

Jikan Malam ya yi gaskiya game da sauri, amma in yana zaton babbar kwamfuta ta mutu, ya yi kuskure. A farkon shekarun 1980 IBM ta tattara jakadun ta yi musu ma'aikata guda mai shugabanta, yadda ƙwaƙwalwa ba ta ma zaɓen jakada, sai dai ta ambaci na'ura, ma'aikatar ta duba hanyar da babu cunkoso. Na'ura ɗaya tana iya samun hanya har 8, in ɗaya ta yanke a bi wata, kuma saƙon da ya tafi ta wannan hanya yana iya dawowa ta waccan. A 1990 aka maye igiyoyin nan masu kauri da zaren gilashi mai ɗaukar haske, wanda aka kira ESCON, sa'an nan FICON a 1998, har ya zama ana iya ajiye faifai a wani gini mai nisan kilomitoci, don ko gobara ta ci ɗaya bayani na nan. Injin z16 ya fito a 2022, z17 a 2025, kuma a cikin kowannensu akwai ƙwaƙwale da aka keɓe ba sa yin komai sai hidimar shiga da fita. Manyan bankunan duniya da kamfanonin katin kuɗi da na inshora da yawa suna kan irinsu. Hatta allon nan mai baƙin fage da koren rubutu da akan gani a wasu ofisoshi, zuriyar IBM 3270 ne na 1971, mai layi 24 da gurbi 80, tamanin ɗin nan kuwa gadon kati ne. Shi ma ba ya damun fada da kowane harafi. Sai ma'aikaci ya cika fom duka ya danna aikawa, sa'an nan a tura guraben da aka canja kaɗai.

Yanzu sai mu dawo kan kuɗin fansho. Ko wane irin inji banki ke amfani da shi, tafiyar saƙon ɗaya ce. Daga na'urar yaron nan saƙo ya bi layin wayar salula, ya je wurin kamfanin da ke tsakani, daga can ya isa bankin Malam. Banki ya duba asusu, ya zare kuɗin, ya rubuta a faifansa, ya aiko da amsa cewa a biya. Amsar nan dole ta sake bin duk hanyar da saƙon ya bi. Ita kuwa na'urar POS tana da iyakar lokacin da za ta jira. In amsa ta yi latti, ko ta faɗi a hanya saboda layin waya ya yanke, sai ta ce ba a biya ba, alhali a can an riga an zare. Jakada ya isar da saƙo, an cika aiki, amma bai dawo ya yi sallama ba. A cikin babbar kwamfuta an yi wa wannan tanadi tun tuni: ana ƙirga lokacin kowane jakada, in ya daɗe a bi sawunsa, a soke aikin ko a sake shi ta wata hanya. A tsarin banki ma akwai irin wannan, domin ya kamata saƙon warwarewa ya tashi da kansa ya mayar da kuɗin. Sai dai shi ma saƙon warwarewar hanyar nan da ta yanke zai bi, kuma fadar a nan ba ta mutum ɗaya ba ce, kamfanoni uku ko huɗu ne, kowa da littafinsa. Mun ga iyakar abin a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, ƙofofin suka cushe. Ni a ganina mun fi son sayen ƙwaƙwalwa mai tsada a kira 'yan jarida a yanke ƙyalle, mu bar layin waya da wutar lantarki da horar da mai buga bayani, waɗanda su ne ƙofofin.

Saboda haka, Allah ya gafarta Malam, kada ka yar da 'yar takardar nan da ta ce ba a biya ba. A jikinta akwai lambar na'urar, da ranar, da lokacin, da lambar shaidar cinikin, kuma da su ake bin sawun saƙon a littafin kowane kamfani. Ka haɗa ta da saƙon da banki ya aiko maka a waya na zare kuɗin, ka kai ƙorafinka a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin kafin ka bar wurin. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna umurnin su warware irin wannan matsala ta POS cikin sa'o'i 72. In wa'adin ya wuce ba a mayar ba, Babban Bankin yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma lambar ƙorafin nan ita za su fara tambayarka.

Wasiƙar malamar makarantar nan ta Bwari, wadda ta tambayi yadda na'ura ke karanta takardar jarrabawar da aka cike da fensir, ta iso. Ita za mu ɗauka a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.